Yadda muka kwance wani gidan Japanawa a Beitou, muka sake ɗaura shi

Ranar da malamata ta sa sunana cikin ɗaliban da za su taya ta binciken wani tsohon gidan katako a tudun Beitou, arewacin birnin Taipei, ban ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a zatona aikin mako biyu ne: mu auna, mu zana, mu miƙa rahoto, kowa ya kama gabansa. Karatun digiri na biyu a fannin zanen gine-gine ne ya kai ni Taiwan bayan na gama na farko a Zariya, kuma abin da ke raina a lokacin shi ne dogayen benaye na ƙarfe da gilashi, da dabarun da ake yi musu don su jure girgizar ƙasa. Gidan da aka kai mu kuwa ko bene ba shi da shi, rufinsa ya lotsa a tsakiya kamar gadon bayan tsohon jaki, an lulluɓe rabinsa da tamfol, sannan wata bishiya dangin cediya ta tura saiwoyinta har ƙarƙashin baranda. Sai da na yi fiye da shekara ina hawa tudun nan ina sauka kafin muka rabu da gidan.

Ba a fahimtar irin wannan gida sai an san yadda aka yi ya zo wurin. A 1895 ne daular Qing ta Sin ta miƙa wa Japan tsibirin Taiwan bisa yarjejeniyar Shimonoseki, bayan ta sha kashi a yaƙi, kuma Japan ta riƙe tsibirin har 1945. Beitou wuri ne mai maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke fitowa da warin farar wuta, abin da Japanawa ke matuƙar so, don haka tun a 1896 wani mutumin Osaka mai suna Hirata Gengo ya buɗe masauki na farko a can. A 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta gina babban gidan wanka na jama'a, a 1916 aka ja reshen layin dogo zuwa wurin, daga nan manyan ma'aikata da attajirai da kamfanoni suka shiga gina gidajen hutu a kan gangaren, irin waɗanda suke kira besso. Namu ɗaya ne daga cikinsu. Da yaƙi ya ƙare aka kwashe Japanawa zuwa ƙasarsu, ba a bar wa kowa ya tafi da abin da ya wuce yen 1,000 da ɗan kayan da zai iya ɗauka ba, gidajensu kuma suka koma hannun hukuma, aka rarraba wa ma'aikatu da jami'o'i da bankuna su zaunar da ma'aikatansu. Bayan 1949, lokacin da gwamnatin Chiang Kai-shek ta ƙauro daga babban yankin Sin da mutane fiye da miliyan ɗaya, kusan duk wani ɗaki mai rufi a Taipei sai da ya sami mai shi. Gidan da aka gina don mutum ɗaya ya zo ya huta a ƙarshen mako ya zama mazaunin iyalai shekara da shekaru, har tsofaffin suka rasu, 'ya'yan suka watse, aka sa kwaɗo aka rufe.

Kafin mu zo, maƙwabta sun riga sun kai ƙorafi, kwamitin kula da kayan tarihi na birni ya zauna, an shigar da gidan cikin jerin gine-ginen tarihi. Dokar da ke ba da wannan dama an kafa ta ne a 1982, amma an daɗe ba a kallon gine-ginen zamanin Japan a matsayin abin adanawa. A 1974 ma, shekara biyu bayan Japan ta yanke hulɗar jakadanci da Taipei, umarni aka bayar cewa a kawar da abubuwan da ke tuna fifikon da masu mulkin mallaka suka ba kansu, aka rushe da yawa daga wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan. Ra'ayi ya juya ne a hankali, kuma Beitou na cikin wuraren da ya fara juyawa, domin a 1994 'yan makarantar firamare da malamansu ne suka ci karo da kangon gidan wankan nan na 1913, suka yi ta rubuta koke har aka gyara shi, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1998. Abin da doka ta tanada a yanzu shi ne, ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a irin wannan gini sai an rubuta cikakken bincike da tsarin gyara da abin da za a yi da ginin bayan an gyara, kwamiti ya amince, sannan a yi zanen aiki, shi ma a amince da shi. Wannan bincike na farko shi aka ba malamata.

Aikin da aka fara ba ni shi ne awo, kuma a nan na fara jin kunya. Na yi kwana uku da tef ina rubuta lambobi marasa kan gado: tsakanin wannan ginshiƙi da wancan santimita 182, can kuma 91, can 273, har na fara zargin cewa ko gidan ne ya karkace ko idona ne. Wani dattijon kafinta da aka gayyato don ya duba katakon, wanda kowa ke kira Shifu kamar yadda ake kiran duk wani gwanin sana'a a can, ya leƙa littafina, ya yi dariya, ya zaro wani ma'auni na ƙarfe mai kusurwa daga jakarsa ya miƙo mini. Ashe da ma'aunin shaku aka gina gidan, wanda tsawonsa santimita 30.3 ne, shida daga cikinsa su ne ken ɗaya, wato mita 1.82, kuma duk ginshiƙan gidan a kan ken ko rabin ken suke tsaye. Da na sake zanen a kan wannan ma'auni sai komai ya zauna daram, kamar an share hazo. Kafintocin Taiwan har yau da wannan ma'auni suke aiki, haka kuma dillalan gidaje da ping suke faɗin girman gida, wanda shi ne faɗin tabarmar tatami biyu, kimanin murabba'in mita 3.3.

Tsarin gidan irin wanda aka fi yayi ne a tsakanin masu hali na wancan zamani, wato haɗa salon Japan da na Turai. Daga ƙofa akwai ɗan wurin da ake tuɓe takalmi, genkan, wanda daɓensa ke ƙasa da sauran gidan. A gefensa akwai falon baƙi irin na Turawa, mai kujeru da tagogin gilashi masu ɗagawa sama, inda ake tsayar da baƙon da bai kai a shigar da shi ciki ba, abin da ya tuna mini aikin da zaure ke yi a wajenmu. Can ciki ne ainihin gidan yake: babban ɗaki mai tabarma takwas, zashiki, da ɗan lungun ado a bangonsa da ake kira tokonoma, inda ake rataye rubutun hannu a ajiye fure, sai ƙaramin ɗaki da ke manne da shi, wanda ƙofofin takarda masu zamewa kaɗai suka raba su, ta yadda in an zare ƙofofin ɗakunan biyu sun zama ɗaya. A saman ƙofofin akwai allunan da aka sassaƙa aka huhhuda don iska ta riƙa wucewa ko da an rufe. Wata doguwar baranda ta katako ta zagaye ɗakunan ta fuskar lambu, da ƙofofin katako na kare ruwa waɗanda ake turawa cikin wani akwati a ƙarshen barandar idan gari ya waye. A baya kuma akwai ɗakin wanka na dutse da aka taɓa ja wa ruwan zafi daga tudu.

Sai dai gidan ba kwafin gidajen Kyoto ko Tokyo ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina a dukan binciken. Ruwan da ke sauka a Taipei ya kai kimanin milimita 2,400 a shekara, ya fi ninki biyu na abin da Kano ke samu, ga mahaukaciyar guguwa a tsakiyar shekara, ga zafi mai gumi, ga kuma gara. Garar Taiwan ta yi suna a duniya, har sunanta na kimiyya, Coptotermes formosanus, daga tsohon sunan tsibirin aka ɗauko shi, kuma wani masanin ƙwari Bajapane, Shiraki Tokuichi, shi ya raɗa mata shi a 1909. Gine-ginen katako na farko da Japanawa suka yi a tsibirin ba su daɗe ba ta cinye su, sai da hukuma ta sa masana irin su Oshima Masamitsu suka zauna a kan matsalar. Darasin da aka koya yana nan a jikin gidanmu: an ɗaga daɓen sama a kan ginshiƙan jan bulo, an zuba kankare a ƙasa don raba katako da turɓaya, an bar ƙofofin iska a kowane gefe, an tsawaita bakin rufi, an kuma rufe bangon waje da falankai masu hawa kan juna don ruwa ya riƙa zamewa. Gida ne da aka gina shi don ya riƙa shan iska ta sama da ta ƙasa.

Abin da ya kashe shi kuwa toshe masa wannan iska da aka yi. Iyalan da suka zauna bayan yaƙi ba su saba zama a ƙasa ba, don haka suka kwashe tatami suka shimfiɗa leda mai kauri, suka toshe ƙofofin iskar ƙasa da siminti saboda ɓeraye da macizai, suka gina kicin da banɗaki na bulo a manne da bangon arewa, suka shafe ginshiƙai da fentin mai. Ba na ganin laifinsu, domin mutum da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu ba ya tunanin tarihin gine-gine, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare ya riƙe danshi a inda bai kamata ba. Katako in danshinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari ya daɗe a haka, ruɓa za ta kama shi, gara kuma ta biyo baya.

Mun yi makonni muna bin katakon ɗaya bayan ɗaya, muna ba kowanne daraja a takarda: mai lafiya, mai buƙatar faci, ko wanda sai an sauya. Muna da na'urar auna danshi, da wata mai siririyar allura da ke huda katako tana zana ƙarfinsa a takarda, amma Shifu da 'yar gudumarsa ya fi mu sauri, kuma ban taɓa ganin na'urar ta ƙaryata shi ba. Akwai wani babban katakon giciye a saman zashiki da na rubuta masa lafiya lau, saboda fuskarsa sumul take, ko tabo babu. Shifu ya ƙwanƙwasa shi sau biyu, ya ce in sa kunne, na ji yana amsawa kamar ganga, sannan ya danna babban yatsansa, yatsan ya shige. Kallon kitse na yi wa rogo: gara ta cinye cikin tas, ta bar ɓawo mai kaurin takarda, ta cike ramin da ƙasa. Da muka bi sawunta sai muka tarar ba daga ƙasa ta hau ba, gida ta yi a cikin rufin kansa, a daidai inda wani fale-falen rufi ya fashe ruwa yake ɗiga shekara da shekaru. Irin wannan gara in ta sami ruwa a sama ba ta buƙatar komawa ƙasa.

A cikin rufin nan ne kuma muka sami abin da ya fi komai faranta wa malamata rai. A jikin katakon ƙololuwa an kafe wani ɗan allo mai rubutun tawada, munafuda, wanda ake sawa ranar bikin ɗora ƙololuwar gida, ɗauke da addu'ar neman tsari, da sunan mai gida, da na shugaban kafintoci, da shekarar aikin bisa lissafin zamanin Sarki Showa. Lissafin ba wuya, tunda shekarar farko ta Showa ita ce 1926, sai a ƙara 1925 a kan adadin da aka gani. Allon ya raba gardamar da aka daɗe ana yi a kan shekarun gidan, domin takardun filaye sun nuna lokacin da aka sayi filin ne kawai.

Akwai wani rubutun kuma a ƙasa, wanda ba kafinta ne ya yi shi ba. A jikin ginshiƙin kusurwar baranda, ƙarƙashin fenti, mun ga zane-zanen wuƙa a jere daga gwiwa zuwa kafaɗa, kowanne da ɗan suna da lamba a gefensa. Wata rana wata dattijuwa da ta ji labarin aikin ta hau tudun da jikanta, ta tsaya a gaban ginshiƙin, ta nuna mana nata layin da na ƙannenta, ta ce mahaifinsu ne yake auna tsayinsu duk sabuwar shekara. Lambobin na lissafin Jamhuriyar Sin ne, wanda ke farawa daga 1912, don haka a nan 1911 ake ƙarawa. Gida ɗaya, kalanda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma da muka lissafa sai muka ga iyalinta sun zauna a gidan fiye da ninki uku na shekarun da wanda ya gina shi ya yi yana zuwa hutu.

Wannan shi ya jawo muhawarar da ta fi kowace zafi a zaman kwamiti. Wasu na ganin darajar gidan tana ga asalin ƙirarsa, a rushe duk abin da aka ƙara bayan 1945, a mayar da shi yadda yake ranar da aka kafe allon nan. Wasu kuma suka ce yin haka tamkar share mutanen da suka fi kowa daɗewa a gidan ne, a ƙawata zamanin da 'yan ƙasa ba su da ikon taka irin wannan baranda sai a matsayin barori. Tambayar ba ta Taiwan kaɗai ba ce. A Koriya ta Kudu, wadda ita ma Japan ta mallaka daga 1910 zuwa 1945, an fara rushe katafaren ginin gwamnan mulkin mallaka da ke Seoul ranar 15 ga Agusta, 1995, cikin biki, alhali a Taipei ginin gwamnan Japan da aka kammala a 1919 shi ne fadar shugaban ƙasa har yau. Malamata ta kai mu wani gida a titin Qingtian, wanda farfesa Adachi Masashi ya gina a 1931, masanin ilimin duwatsu Ma Ting-ying kuma ya zauna a ciki bayan yaƙi, don mu ga yadda ake ba da labarin mazauna biyu a gida ɗaya ba tare da an danne ɗaya ba. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga ɓangare na biyu, wataƙila don na fito daga ƙasar da ita ma take da gidajen Turawan mulkin mallaka a unguwannin da aka keɓe musu, kuma na san cewa waɗanda suka gaje su bayan 'yancin kai su ma tarihi ne. A ƙarshe an yi sulhu irin na masu aiki: kicin da banɗakin bulo za su tafi, tunda su ne ke jiƙa bangon arewa, amma za a bar sawun harsashinsu a ƙasa, jar ƙofar ƙarfe da aka sa a bakin titi bayan yaƙi za ta zauna, ɗaki ɗaya za a bar shi da daɓen katakon da iyalin suka sa, ginshiƙin baranda kuma ba za a sauya shi ba ko da me.

Tsakanin amincewar kwamiti da fara aiki an ɗauki watanni, ana zane, ana lissafin kuɗi, ana neman ɗan kwangila mai kafintocin da hukuma ta yi wa rajistar gwanintar gargajiya, ana kuma rubuta wata takarda ta musamman da ke bayyana yadda za a kare gidan daga gobara da girgizar ƙasa tunda ba zai iya cika ƙa'idojin ginin zamani ba. Watannin nan su ne mafi haɗari. Gidan hutun Chiang Kai-shek da ke Caoshan, wanda wani kamfanin sukari na Japanawa ya gina a 1920, ya ƙone a watan Afrilun 2007, kuma gobarar tsofaffin gine-gine ta yawaita a tsibirin har mutane na yin ba'a cewa kayan tarihin Taiwan da kansu suke kama wuta. An sa mai gadi, an yanke tsofaffin wayoyin lantarki, mu kuma muka ci gaba da hawa muna duba tamfol bayan kowace guguwa.

Da aka tashi aiki, abin da aka fara yi shi ne kafa wata babbar rumfar ƙarfe da ta rufe gidan gaba ɗaya, don a iya buɗe rufi ba tare da tsoron ruwa ba. Ma'aikata suka yi bikinsu na fara aiki da turare da 'ya'yan itace, ni na koma gefe na jira su gama, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Sannan aka shiga kwancewa daga sama zuwa ƙasa, kuma a nan aka ɗora mini aikin da na riƙe har ƙarshe, wato rubuta tarihin aikin: duk abin da aka cire sai na ɗauki hotonsa a mazauninsa, na ɗaura masa lamba, na shigar da shi a zane. Fale-falen rufi baƙaƙe na yumɓu aka fara saukewa, ana wanke kowanne ana ƙwanƙwasa shi, mai ƙara kamar ƙararrawa a ajiye shi dama, mai dusasshiyar murya a ajiye shi hagu. Da aka zo kan katako sai muka tarar waɗanda suka gina gidan sun riga mu sa lamba, domin a ɓoyayyen gefen kowane ginshiƙi akwai harafi da adadi da tawada, bisa tsohon jerin haruffan Japan da ke farawa da i, ro, ha. Gidan a zube aka sassaƙa shi, aka kawo aka harhaɗa, kuma mafi yawan mahaɗansa a kwance suke da zarar an bugi ɗan turken katakon da ya riƙe su. Inda aka yi amfani da ƙarfe kuwa, hayaƙin farar wuta na Beitou ya cinye shi, wasu ƙusoshin sun koma kamar tsinken tsintsiya, shi ya sa duk ƙarfen da aka mayar wanda ba ya tsatsa ne.

Neman katakon faci ya ba da wahala. Muhimman sassan gidan da hinoki aka yi su, itace mai ƙamshi da mai a jikinsa, wanda Japanawa suka sare daga dazuzzukan tsaunuka irin su Alishan, inda suka kai layin dogo a 1912 musamman don sauko da gungume. Tun 1991 an hana saran dazuzzukan asali a Taiwan, don haka sabon hinoki na tsibirin babu shi a kasuwa, sai dai tsohon da aka ciro daga rusassun gidaje ko danginsa da ake shigowa da shi daga waje. Shifu ya fi son tsohon ga duk inda ido zai gani ko hannu zai taɓa, na waje kuma a cikin rufi, kuma kowane sabon yanki sai an buga masa tambarin shekarar gyara a ɓoyayyen gefe, don kada wanda zai buɗe gidan nan gaba ya ɗauka na asali ne. A aji mun karanta ƙa'idojin duniya na adana gine-ginen tarihi, wato Yarjejeniyar Venice ta 1964 da Takardar Nara ta 1994, wadda ta faɗaɗa ma'anar asali ta yadda za ta karɓi al'adun da ke sabunta katako suna riƙe ƙira da sana'a, amma ban gane abin da ake nufi ba sai da na ga an yanke ruɓaɓɓen kamu ɗaya daga katako mai kamu goma an bar tara.

Bango ne ya mayar da ni gida. Ana saƙa tsagaggen gora a tsakanin ginshiƙai a ɗaure da igiya, a yaɓa ƙasar da aka kwaɓa da yankakken haukin shinkafa, a bari ta bushe ta tsattsage, a sake yaɓa wata mai yashi, sannan a gama da farar ƙasa. Ƙasar yaɓen farko sai an jiƙa ta ta yi watanni tana ruɓa har ta yi wari, kuma an haɗa da tsohuwar ƙasar da aka kankaro daga bangon, wadda mai yaɓen ya ce ta fi sabuwa kyau. Na ce masa maginanmu ma haka suke kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta kwana biyu kafin su yi tubali ko yaɓe, na nuna masa hoton wani soro na Zariya a wayata, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni me muke yi wa gara. Na ce azara muke sawa, daga giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. A cikin wasu bangayen, inda ba a gani, injiniya ya sa an ƙara allunan ƙarfafawa saboda girgizar ƙasa, abin da mai yaɓen bai so ba, amma tsibirin da ya ga girgizar 21 ga Satumba, 1999, wadda ta kashe mutum fiye da 2,400, ba a yi masa gardama a kan wannan.

Ginshiƙin baranda shi aka bari kusan ƙarshe. Gindinsa ya ruɓe har kusan gwiwa, layin farko na ƙaramin ƙanen dattijuwar nan kuma bai fi tafin hannu ba daga inda ruɓar ta tsaya. Aka tallafe rufin da jak, Shifu ya ja layi da tawada, ya yanke ruɓaɓɓen, ya sassaƙa bakin tsohon da na sabon su shiga juna kamar yatsun hannu biyu, irin mahaɗar da ake kira kanawa tsugi, wadda ba ta buƙatar ƙusa ko gam sai turke ɗaya da ake bugawa a tsakiya ya matse su. Yini biyu ya yi a kan wannan mahaɗa ɗaya, yana gwadawa yana cirewa yana ƙara ferewa, ni kuma ina tsugune da kyamara. Fentin da ke saman an cire shi ne da hannu, a hankali, da ƙaramar wuƙar katako, don kada a goge zanen.

Sauran aikin ya tafi da sauri: shimfiɗar hana ruwa a ƙarƙashin rufi, tsofaffin fale-falen a fuskar da ke kallon lambu, sababbi a baya, buɗe ƙofofin iskar ƙasa, binne tarkunan gara a zagayen gida, saƙa sababbin tatami, manna takarda a ƙofofi. An so a sa na'urar sanyaya ɗaki a ko'ina don gidan ya zama wurin shan shayi, malamata ta yi tsaye a kan cewa a taƙaita ta ga falon Turawa, girki da wuta kuma a yi shi a wani ɗan gini dabam a bayan fili, aka kuwa yarda.

Abu na ƙarshe da na rubuta kafin in miƙa kundin aikin shi ne jadawalin kula da gidan, shafi biyu kacal a bayan ɗaruruwan shafuka na hotuna da zane: a tura ƙofofin baranda cikin akwatinsu kowace safiya ko da ba baƙo, a share ganye daga indararo kafin ruwan watan Mayu, a leƙa ƙarƙashin daɓe da tocila duk wata, a duba tarkunan gara, kuma in an ga shinge na yawo a fitila bayan ruwan farko a kira masu magani a ranar. Ranar da aka sauke rumfar ƙarfe dattijuwar ta dawo, ta tuɓe takalminta a genkan ba tare da an ce mata ba, ta wuce kai tsaye zuwa kusurwar baranda. Gindin ginshiƙin fari ne sol, samansa baƙi, Shifu kuma ya ƙi a shafa masa launi, ya ce rana da hannun mutane za su daidaita su. Ta jingina bayanta da shi, ta sa jikan ya duba, ya ce mata yanzu ba ta kai layinta na ƙarshe ba.